Malamin da ke farawa da inji kafin shekaru

Babban darasin da na riƙe daga karatun tsofaffin masana'antu shi ne, jerin shekarun da aka haddace don jarrabawa ba ya sa wa yaro son fannin. Malaman da ɗalibai ke tunawa da su har girma su ne waɗanda suka fara nuna abin da ke motsa inji, sannan tarihi ya biyo baya.

Ga gwajin da irin waɗannan malamai ke yi. Ana zuba ruwa cokali biyu a gwangwanin alminiyam, a ɗora a wuta har tururi ya yi kamar rabin minti yana fita sosai, sai a kama shi da awartaki a kifa bakinsa cikin ruwan sanyi. Nan take zai lotse da ƙara. Ruwa in ya zama tururi yana cin wuri kusan ninki 1,700, don haka ya riga ya kori iskar ciki. Da sanyi ya taɓa shi sai ya koma ɗigon ruwa, ciki ya zama fayau, iskar waje kuwa tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Idan gwajin ya ƙi, to ko ruwa ya yi yawa, ko an yi gaggawar saukewa, ko an yi sanyin hannu wajen kifawa har iska ta sake shiga.

Yaron da ya ga wannan ya riga ya gane injin da Thomas Newcomen ya kafa kusa da Dudley a Ingila a 1712 don janye ruwa daga ramin haƙar kwal. A can silinda, wato babban bututun da ake cikawa da tururi sannan a sanyaya, ba ta lotsewa; fistan, wato zagayayyen marfin da ke zamewa a cikinta, shi ne iska ke dannawa ƙasa. Sai a ba ɗalibai lissafi: fistan mai faɗin santimita 50 yana da fuska kusan murabba'in santimita 1,960, wato nauyin da ya kusa tan biyu a takarda. A aikace kusan rabin haka ake samu, domin ba a taɓa raba silinda da iska da ɗumi gaba ɗaya.

Malami nagari a nan yake tsayawa ya yi tambaya: ina kwal ke salwanta? Kusan sau 12 a minti ana fesa ruwan sanyi cikin silinda, ƙarfen ya huce, sabon tururi ya ɓata ƙarfinsa wajen sake ɗumama shi. Sau da yawa wani ɗalibi zai ce a sanyaya tururin a wani mazubi dabam. Amsar James Watt ke nan, wadda ya yi wa rajista a 1769, ta kuma rage cin kwal da wajen kashi uku cikin huɗu. Wanda ya gano amsar da kansa ba ya manta shekarar.

Darasi na biyu sanin ƙarfe ne. Zubabben ƙarfe yana jure danni, amma ja ko lanƙwasa na karya shi farat ɗaya, shi ya sa ake ganinsa a ginshiƙai da baka, wato gini mai lanƙwasa kamar bakan harbi. Gadar ƙarfe ta kogin Severn a Ingila, wadda aka ɗaga a 1779 da baka mai kusan mita 30, an harhaɗa sassanta da irin haɗin kafintoci, don a lokacin katako aka saba da shi. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Ziyarar tsohuwar masana'anta kuwa tana da ƙa'ida, kuma ban yarda a sassauta ta ba. Ba a taka daben katako da ruwa ya jiƙa, ba a taɓa farin abin da aka naɗe tsofaffin bututun tururi da shi, domin yana iya zama asbestos mai lahani ga huhu. Kowane ɗalibi ya zaɓi sashe ɗaya, ya auna, ya zana, ya ɗauki hoto da ma'auni a gefe, ya bar shi inda ya same shi. A nuna musu inda tsatsa ta kumbura ta tsaga bulo, su ga cewa rufin da ke yoyo ne ya fi cinye irin waɗannan gine-gine. Idan akwai tsohon ma'aikaci da rai, a zo da shi, a naɗi muryarsa da izininsa. Shi ya san wane famfo ake fara buɗewa da safe, da irin ƙarar da in inji ya yi ake kashe shi nan take, kuma ba a samun waɗannan a zanen injiniya.