Tayar da tsohuwar manhaja bayan shekaru

Duk mai rubuta manhaja yana da tsofaffin ayyuka a ajiye: shafin intanet da ya taɓa yi wa wani, ko manhajar waya da ta hau Play Store aka manta da ita. Ranar da mai aikin ya dawo ya ce a ƙara masa maɓalli ɗaya kacal, ranar ake gane cewa aikin ko tashi ba ya yi. Ba wanda ya taɓa ko layi ɗaya a ciki. Kayan da ya jingina da su ne suka yi gaba suka bar shi.

Kafin ka buɗe kod, nemo makullin sa hannu. A Android kowace manhaja da wani fayil na sirri ake sa mata hannu, kuma waya ba ta karɓar sabuntawa sai da wannan makullin dai. Idan an shigar da manhajar tsarin Play App Signing, da sauƙi: ainihin makullin yana wurin Google, naka na loda manhajar zuwa Play Store kuma in ya ɓace ana neman sabo. Idan kuwa ba a shigar ba, fayil ɗin kuma ya bi tsohuwar kwamfuta, to sai dai a fitar da wata manhajar da sabon suna, jama'a su sake saukewa daga farko. Ko fayil ɗin yana nan, in an manta kalmar sirrinsa, da shi da babu duk ɗaya.

Daga nan sai tayar da aikin. Babban kuskure shi ne sabunta komai a zama ɗaya, don idan abu goma suka canza tare ba ka san wanne ya karya ba. Duba package-lock.json ko fayilolin Gradle, inda aka rubuta kayan da aikin ya jingina da su, ka saka sigar Node ko Java (manhajojin da ke tayar da kod) ta wancan lokacin, ka ga aikin ya tashi yadda yake. Ajiye a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod. Sannan ka ɗaga abu ɗaya, ka gwada, ka sake ajiyewa.

Wuraren da ake yawan cijewa sanannu ne. Tsohon aikin Android da ke ɗebo laburare (kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta) daga rumbun JCenter, wanda ya daina karɓar sabon kaya a 2021, sai a mayar da shi rumbun mavenCentral. Webpack 4, mai harhaɗa fayilolin shafi, yana faɗuwa a Node 17 zuwa sama saboda laburaren tsaro na OpenSSL 3. Aikin Flutter (kayan gina manhajar waya) na da can yakan ƙi sigar harshensa, Dart 3 ta 2023. Shafin PHP mai kiran mysql_connect don shiga rumbun bayanai kuwa ba zai motsa a PHP 7 ba, sai an koma mysqli ko PDO.

Waɗannan ma masu kirki ne, suna ihu ka ji. Wanda ya fi ɓata aiki shi ne wanda ke lalacewa shiru. Google Play yana ɗaga matakin API (wato sigar Android da manhaja ta ce an gina ta dominta) da yake karɓa duk shekara, don haka dole ka ɗaga naka, ɗagawar kuma tana canza halin manhajar. Daga Android 9 an toshe http marar kariya, sai manhaja ta buɗe lafiya amma allon ya zauna fari fat, ba bayanai. Daga Android 13 sanarwa ba ta fitowa sai an nemi izinin mai waya, tsohon kod kuwa bai san da wannan ba. Shi ya sa gwaji a waya ta gaske mai sabon Android ya zama tilas, a bi kowane allo da yatsa.

Kada a manta da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe shafin da bayanan manhajar a intanet. Heroku, mai ba da hayar sabar, ta soke masaukin kyauta a Nuwamban 2022, ayyuka da yawa suka mutu a nan. Takardar tsaron shafi da ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa kwana 90 take yi, in sabuntawar atomatik ta tsaya sai burauza ta fara korar baƙi. Sunan shafin, wato adireshinsa na intanet da ake biya a sabunta, ya fi duka haɗari. Yawanci adireshin sabar a rubuce yake cikin manhajar da ke wayoyin mutane. Idan wa'adin sunan ya ƙare wani ya saya, waɗannan wayoyin za su ci gaba da aika buƙatunsu can, sai dai yanzu wurin baƙo suke zuwa.