Ɗanyen kashin kaji ya ƙone min tumatir buhu 24

Har yau in na zagaya bayan ɗakin girki na ga buhunan nan sai raina ya sosu, wallahi da hannuna na kashe tumatir ɗina, ba tsutsa ba ba akuyar maƙwabta ba.

Tsadar kayan miya ta 2024 ce ta sa ni wannan harka, lokacin da tumatir ya gagari mutane aka koma miyar karas da busasshen kauɗa. Na ce wa Abban yara ni kam bana sai na shuka nawa ko a buhu ne, tunda tsakar gidan namu siminti ne duk. Na tara buhunan shinkafa 24 na huhhuda su ta ƙasa, na sayo irin UTC irin wanda ake nomawa a su Kura da Kadawa, ƙarshen Oktoba na yafa shi a tsohon baho. Ya fito gwanin sha'awa, sati 4 ya kai tsawon tafin hannu, kore shar. Lissafina in na dasa ƙarshen Nuwamba zai sha sanyin hunturu ya yi fure hankali kwance, in fara tsinka a Fabrairu, azumi ya shigo farkon Maris ina da kayan miyata a gida.

To a wajen taki na tafka ɓarnar. Wata ƙawata mai kiwon kajin gidan gona ta ce in aiko a kwasar min kyauta, aka kawo min shi ranar da aka share ɗakin kajin, da garin katakon da komai, warinsa har hawa ido yake. Ni a tunanina wannan ƙarfin warin shi ne alamar taki mai kyau. Na haɗa kusan rabi taki rabi ƙasa, wai don kar in yi masa rowa, na cika buhuna na dasa da yamma na ba shi ruwa sosai na je na kwanta ina murna.

Kwana 2 sai na ga sun yi yaushi, na ce ai dashe ne dama haka yake yi kafin ya kama. Kwana na 4 bakin ganyen ya koma ruwan ƙasa kamar an haska masa wuta, ni kuma sai na ƙara ruwa safe da rana da yamma, na kafa musu inuwa da tsohon zani, duk a banza. Kafin sati ya zagayo babu ko ɗaya da ke tsaye. Da na tuge guda na duba saiwar ta yi baƙi ta lalace, na tura hannu cikin buhun kuma na ji ɗumi kamar an ajiye tuwo a kula. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Wani dattijo da ke kawo mana alayyahu daga lambunsa shi na nuna wa. Ko taɓa shukar bai yi ba, ya ɗebi ƙasar ya sansana ya ce "Hajiya ai wannan ɗanyen taki ne, wuta kika dasa su a kai." Na ce Baba to ba kashin kaji aka ce ya fi kowane taki ƙarfi ba? Ya ce ƙarfin nasa ne ai matsalar, na shanu da na tumaki suna da sauƙi, amma na kaji in bai ruɓe ba gishirinsa da wannan wari mai kama da fitsari su ke cinye saiwa, ga zafin da yake fitarwa yana ruɓewa a cikin buhu saiwar ba ta da inda za ta gudu. Ya ce a tara shi waje guda a gauraya da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa, a yayyafa ruwa ya jiƙa amma kar ya yi caɓi, a rufe da buhu ko leda, duk sati a juya, sai ya yi wata 2 zuwa 3. In ka tura hannu ka ji sanyi, warin ya tafi ya koma ƙamshin ƙasa, ya yi baƙi yana marmashewa, to ya nuna. Kuma ko ya nuna kashi ɗaya ake sa wa cikin kashi uku ko huɗu na ƙasa, ba rabi da rabi irin nawa ba.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin iri ba ne, lokacin ne. Sai da na zazzage buhu 24 ɗin nan kaf ni da yara, na sake neman ƙasa da tsohon takin tumaki, na sake reno daga farko, ban samu dasawa ba sai cikin Janairu. Suka tashi lafiya lau kuwa, amma daidai lokacin da suka cika da fure zafin Maris ya sauko, kowa ya san yadda Kano take a wannan lokacin. Tumatir ba ya son zafi in yana fure, sai ka ga furen ya bushe ya zube bai ɗaura ɗa ba, kullum da safe sai na tarar da su rawaya rawaya a bakin buhu. 'Ya'yan farko ne kawai suka tsira, abin da na tsinka duka bai cika bokitin fenti 2 ba, kuma azumin da na ci wa buri a kasuwar 'Yan Kaba muka yi ta sayen tumatir kamar kowa. Kuskuren rana ɗaya ya ja min asarar hunturu sukutum.

Alayyahu da latas da na watsa daga baya su kam sun yi, sati 4 muka fara yankar alayyahu har maƙwabta sun samu, attarugu ma ya jure zafin fiye da tumatir. Amma ko su da tsohon takin na shuka su, na tabbata da ɗanyen nan ne da sun bi sahu.

Don Allah duk wadda za a ba kashin kaji kyauta ta tambaya yaushe aka kwashe shi, in ta ji yana hawa ido kar ta kusantar da shi da shuka. Ni yanzu ko an rantse min ya ruɓe sai na ɗiba a gwangwani na watsa irin alayyahu na jira kwana 5 zuwa sati, in ya tsiro ya tsaya kore sannan nake yarda.

Ragowar takin da ya yi min ɓarnar ban zubar ba, yana nan a lungu na rufe shi, ya sha juyi ya sha damina, jiya na tura hannu har gwiwar hannu na ji shi sanyi ƙalau. Irin bana ma na riga na saya, ƙarshen Oktoba in sha Allah zan yafa.