Allo ɗaya, aiki da rana, wasa da dare: yadda nake zaɓen monita

Mafi yawan masu neman shawarata a kan sayen kwamfutar tebur sukan ƙarar da kuɗinsu da tunaninsu a kan abin da ke cikin akwatin, wato furosesa da RAM da ma'adanar bayanai, sai canjin da ya rage su ce da shi za a sayi allo. A ganina an juya lamarin, domin allon ne abin da ido yake kafewa a kai tun daga safe har dare, kuma shi ne ya fi kowane ɓangare daɗewa a kan tebur, har ma mutum yakan sauya akwatin kwamfutarsa alhali monitarsa tana nan ba ta gusa ba. Wannan bayani na wanda yake da tebur ɗaya da allo ɗaya ne, wanda da rana yake rubuta takardu ko cika jadawalin Excel ko gyara hotuna, da dare kuma ya zauna buga ƙwallo ko wasan harbi. Abin da na tsaya a kai shi ne, a auna allo da abubuwa biyu kafin a dubi komai: aikin da ya fi cin sa'o'in mutum, da kuma ƙarfin na'urar da za ta riƙa turo masa hoto.

Girma shi ne abin da ya fi ruɗar mai saye. Hoton da ke kan allo an gina shi ne da ƙananan ɗigon haske da ake kira fiksel, kuma adadinsu ba ya ƙaruwa don kawai gilashin ya yi faɗi. Allon da aka rubuta wa 1920×1080, wanda 'yan kasuwa suke kira Full HD, yana da ɗigo 2,073,600, ko inci 24 ne shi ko inci 32. Idan aka shimfiɗa su a kan inci 24, kowane inci zai samu ɗigo kusan 92; a kan inci 27 su ragu zuwa 82; a kan inci 32 kuwa ba su wuce 69 ba, kuma a nan ne bakin haruffa yake fara yin tsaga-tsaga ga wanda yake zaune kusa. Mu da muke karatu da rubutu da Hausa mun fi kowa jin wannan a ido, saboda 'yar ƙugiyar da ta raba ɗ da d, ko ƙ da k, ko ɓ da b, ɗigo kaɗan ne suke zana ta idan rubutun ƙanana ne. Haka nan mai karanta Larabci mai wasali, ko mai duba rubutun ajami da aka ɗauka a hoto, zai ga cewa rashin kaifin allo yana sa shi matso da fuska yana ƙanƙance ido ba tare da ya lura ba.

Wannan ne ya sa ba na goyon bayan al'adar jona kwamfuta da talabijin ɗin falo a matsayin allon aiki. Da yawa daga cikin talabijin masu inci 32 da araha ɗigonsu 1366×768 ne kawai, wato kusan 49 a kowane inci, an kuma yi su ne domin a kalle su daga kan kujera can nesa. Bayan haka talabijin yakan tsaya gyara hoto kafin ya nuna shi, abin da yake jawo jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako, sai dai idan yana da yanayin wasa na musamman an kuma kunna shi.

Haɗin da na fi gamsuwa da shi, wanda kuma a kansa nake aiki, shi ne inci 27 mai ɗigo 2560×1440. Yana ba da kusan 109 a kowane inci, rubutu ya fito tas ba tare da an nemi Windows ta ƙara girmansa ba, ana kuma iya buɗe takardu biyu gefe da gefe kowacce ta karantu. Wanda ya saba tsalle tsakanin shafin intanet da shafin rubutu zai ji sauƙin tun ranar farko. Akwai kuma 4K, wato 3840×2160, wanda kaifin rubutunsa a inci 27 ya kai ɗigo 163 a inci, abin sha'awa ƙwarai ga mai aikin zane ko ɗab'i. Amma haruffan sukan ƙanƙance har sai an ƙara girmansu zuwa kashi 150 cikin 100, sa'annan filin aikin ya dawo daidai da na 1440, kaifi ne kawai ya ƙaru.

Sai dai kowane ɗigo aiki ne a kan katin hoto na kwamfuta, wato ɓangaren da yake zana hoton da ake tura wa allo, kuma a nan ne buƙatar mai wasa take cin karo da ta mai aiki. Allon 1440 yana da ɗigo 3,686,400, ƙarin kusan kashi 78 cikin 100 a kan Full HD, shi kuwa 4K ninki huɗu ne cif. Nuna takarda ko bidiyo ba ya wahalar da kusan kowace kwamfuta ta zamani, amma wasa yana buƙatar a sake zana dukkan waɗannan ɗigo sau da yawa a kowane sakan. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, galibi ba su da katin hoto na daban, da ɗan ƙaramin da ke cikin furosesar Intel suke dogaro. Wanda ya ɗora wa irin wannan na'ura allon 1440 zai ji daɗin aikinsa, amma idan lokacin wasa ya yi dole ya rage ɗigon zuwa 1080 ko ƙasa, hoton kuma ya yi dishi-dishi, domin allo ba ya fitar da hoto mai kyau sai a kan adadinsa na asali. Ga mai irin wannan kwamfuta, ko mai tsohon kati kamar GTX 1050 ko GTX 1650, inci 24 mai Full HD shi ne daidai, kuma babu wata ƙasƙanci a cikin hakan.

Lamba ta biyu da ake yawan tallata wa masu wasa ita ce ta Hz, wadda take nufin sau nawa allon yake sabunta hoto a sakan ɗaya. Allon ofis na yau da kullum 60Hz ne, kowane hoto yakan tsaya milisakan 16.7 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan). A 144Hz tsayuwar takan ragu zuwa 6.9, a 240Hz kuma zuwa 4.2. Lissafin da kansa ya nuna inda ribar take: daga 60 zuwa 144 an rage kusan milisakan 10, daga 144 zuwa 240 kuwa abin da aka rage bai kai 3 ba. Tsallen farko kowa yana ganinsa, har a cikin aiki, domin tafiyar kibiyar linzami da gangarawar shafi sukan yi laushi ta yadda komawa 60 yakan yi wuya. Tsalle na biyu na masu gasar wasannin harbi irin su Counter-Strike 2 ko Valorant ne, ba na wanda yake rubuta rahoto da rana ba. Ya kamata kuma mutum ya dubi abin da yake bugawa. PlayStation 4 ba ta wuce hoto 60 a sakan, saboda haka wanda ita ce abin wasansa babu abin da 144Hz zai ƙara wa ƙwallonsa. PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, tana kaiwa 120 a wasu wasanni, kuma tun 2022 Sony ta buɗe mata damar nuna 1440, abin da ya sa allon inci 27 ya dace da ita sosai.

Akwai wani abu da yake ba ni takaici a nan, domin na sha ganinsa a teburin mutane: an sayi allo mai 144Hz da kuɗi mai yawa, amma yana tafiya a 60 ba a sani ba. Sau da yawa Windows takan bar sabon allo a 60 har sai an shiga saitin nuni, a sashen Advanced display, an ɗaga lambar da hannu. Wani lokaci kuma waya ce ko kafar da aka jona ta hana. VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, fasaha ce ta 1987, bai kamata a haɗa sabon allo da ita ba idan akwai wata hanya. HDMI 1.4 ba ta ɗaukar 4K sama da 30Hz, HDMI 2.0 tana ɗaukar 4K a 60 ko 1440 a 144. 4K a 120 kuwa sai HDMI 2.1. A kan kwamfutar tebur, DisplayPort ce hanyar da na fi amincewa da ita, kuma kafin a biya kuɗi ya dace a leƙa bayan akwatin a ga irin kafofin da yake da su.

Ita ma fasahar daidaita saurin allo da saurin katin hoto tana da amfani na gaske, musamman ga mai matsakaicin kati wanda yawan hotunansa yake hawa yana sauka. Idan babu ita, hoton yakan tsage gida biyu a lokacin juyawa da sauri. Kamfanin katin hoto na Nvidia ya gabatar da tasa fasahar mai suna G-Sync a 2013, AMD ta biyo da tata mai suna FreeSync a 2015, kuma tun farkon 2019 katunan Nvidia daga jerin GTX 10 zuwa sama suna aiki da allunan FreeSync ta DisplayPort, saboda haka ba sai an biya tsadar G-Sync na asali ba.

Game da irin gilashin, wanda ake rarrabewa da sunaye kamar IPS da VA da TN da OLED, ina tare da IPS ga mai haɗa aiki da wasa. Launukansa ba sa sauyawa idan an kalle shi daga gefe, abin da yake da muhimmanci ga mai gyara hoton biki ko tsara katin gayyata, ko wanda abokin aiki yakan tsaya a kafaɗarsa su duba takarda tare. Rauninsa shi ne baƙinsa ba ya yin wuluk, tazarar haske tsakanin farinsa da baƙinsa kusan 1000 da 1 ce, kuma a ɗaki mai duhu kusurwoyinsa sukan ɗan yi toka-toka. VA yana kaiwa kusan 3000 da 1, ya fi daɗin kallon fim da dare, amma masu araha daga cikinsa sukan bar wata baƙar inuwa tana bin abin da yake motsi, har rubutu yakan dusashe idan ana gangara shafi mai baƙin bango. TN tsohon yayi ne, da an ɗan sunkuya ko an ɗaga kai launi ya gurɓace. OLED ya fi duka kyau, sai dai ban da tsada, hoton da ya daɗe wuri ɗaya yana iya bar masa tabo, aikin ofis kuwa cike yake da abubuwan da ba sa motsi na tsawon yini.

Rubuce-rubucen da ke jikin kwali kuma, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Alƙawarin 1ms, wato cewa ɗigo yana sauya launi cikin milisakan ɗaya, galibi ana samunsa ne a wani saiti da yake rage haske ko ya bar farin sawu a bayan abin da ke gudu, tambarin DisplayHDR 400 kuwa, na ma'aunin ƙarfin haske da launi, shi ne matakin ƙasa, kuma ba ya kawo bambancin da ya cancanci ƙarin kuɗi. Na fi son a kai wannan kuɗin ga ƙafar allon. Ƙafar da take hawa da sauka tana ba da damar a daidaita saman allo da saitin ido, a nisan kamar tsawon hannu, wanda yake taimakawa wajen rage ciwon wuya da kafaɗa da masu dogon zama suke kuka da shi. Idan ƙafar ba ta motsi, a duba bayan allon ko akwai ramuka huɗu na ma'aunin VESA, yawanci milimita 100 tsakaninsu, domin a iya ɗaura masa wata daga baya.

Wanda kuɗinsa bai kai na sabo ba, allunan ofis na hannu da ake samu a Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, ba abin rainawa ba ne. Samfurori irin su Dell P2419H, mai inci 24 da gilashin IPS, an yi su ne domin aikin yini guda, ƙafarsu tana hawa da sauka, suna kuma da HDMI da DisplayPort. Iyakarsu dai 60Hz. Sharaɗin shi ne a gwada a gaban mai shago. A tafi da filash mai ɗauke da hotuna biyar, fari zalla da baƙi da ja da kore da shuɗi, a buɗe kowanne ya cika allo, a matso a nemi ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi ɗaya, a dubi farin ko ya yi rawaya-rawaya a wani gefe, a jona kowace kafa a tabbatar tana aiki, sa'annan a yi magana a fili a kan kwanakin da za a iya dawo da kaya idan matsala ta bayyana.

Kafin a ɗauka kuma a juya bayansa a karanta takardar da ke manne, saboda yanayin wutarmu. Shekarar ƙira tana nan a rubuce, kuma tsofaffin alluna masu kauri na gabanin zamanin LED sukan ci wuta ninki biyu ko fiye, abin da mai inbata ko sola zai gani a batirinsa kafin dare ya raba. Allon LED mai inci 24 yawanci tsakanin wat 15 da 25 yake ci, rage haskensa zuwa rabi kuma yana rage cin, ya kuma hutar da ido. Wasu alluna, kamar da yawa daga na LG, suna zuwa da adafta a waje mai ba da bolt 19, wanda idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi, shi kaɗai za a sauya ba tare da an buɗe allon ba, muddin sabon ya yi daidai da lambobin tsohon. Duk da haka ni ba na jona monita kai tsaye da bango; ta cikin UPS take bi tare da akwatin kwamfutar, ta yadda idan an ɗauke wuta allon ba zai mutu ba kafin in adana aikin da ke hannuna.