Wai ina ruwan gunduma da nama?

Jiya da yamma ina tsaye wajen mai nama a bakin titinmu, wani dattijo ya ce masa "kai yaro gunduma min mai kyau mana, wannan ai ko kyanwa raina ta za ta yi", sai na kama dariya ni kaɗai, don da safen nan aka ba ni wani fom in cike, har da wurin rubuta gunduma. Kalma ɗaya fa, nan nama can ƙasa.

Ni dai a ganina duk tushensu ɗaya. Gundumawa ai yanko babban rabo ne, gundumemiyar tsoka, har in rigima ta kaure za ka ji an ce wane ya gunduma wa wane ashar, wato ƙatuwa ya yanko ya ɗora masa. To ƙasar ma haka aka yi mata.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903 hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki, garuruwansu kuma a warwatse, wani can gabas wani can kudu, jakadu ne ke kai da kawo suna karɓo haraji. Bature ya ga wannan lissafi ba zai fishshe shi ba, ga jakada na lasar nasa a hanya, shi kuma so yake ya san wuyan wa zai kama in kuɗi ba su cika ba, shi ne a zamanin Sarki Abbas, wajen 1908, aka yayyanka ƙasar gunduma-gunduma aka ce kowane hakimi ya tattara ya koma tasa ya zauna, dagatai a ƙarƙashinsa, masu unguwa a ƙarƙashin dagatai. Mutum ya saba kullum yana fada, rana tsaka a ce sai ƙauye, ai dole a sha gunaguni.

'Yan uwanmu na Nijar su Faransa ce ta yanka musu, ta kira nata kanto, kalmar da asalinta kusurwa take nufi, ita ce dai ƙasar Suwizalan ke kiran jihohinta 26 da ita.

Yanzu kam gunduma ta zama rigar aro, kowa zura ta yake. Kansila ya ce gundumarsa yana nufin mazaɓa, Kano kaɗai tana da 484, mai karanta labarai a rediyo kuma ya laƙaba ta wa wani yanki a Indiya. Shi ya sa na riƙe biro ina kallon fom ɗin nan, ta hakimi suke so ko ta kansila? Na rubuta ta kansila, ma'aikacin ya duba ya ce malam ba ita ba, ya miƙo min sabon fom.