Kujera mai ɗumi a zafin Sakkwato

Facebook ya tuno min da hoton ranar da motata ta iso, sai dariya ta kama ni.

A 2021 na sa Yaya, da ke Amurka, ya yi min oda kai tsaye daga masana'anta. Kwaɗayi ya sa na ce a haɗa da kyamarar da ke hango kowane gefe. Ashe ba a sayar da ita ita kaɗai, sai tare da kujeru masu ɗumama jiki. Ni da ke garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu!

Waɗannan ƙarin kayan duk suna buƙatar 'yan ƙananan na'urorin cip, kuma shekarar ce duniya ta yi ƙarancinsu bayan korona, har gobara ta tashi a wata babbar masana'antarsu a Japan cikin Maris. Wanda ya zaɓi mota fayau ya karɓi tasa, tawa tana layi wata da watanni, kafin ma a zo batun jirgin ruwa da kwastan a Legas.

Yaya ya ce, "Ƙanena, da ka haƙura da kyamarar nan." Har yau ban taɓa danna maɓallin ɗumin ba, ko da hunturu.