Simsar, bawwab da ɗan uwanka: yadda kuɗin haya ke zurarewa a Alƙahira

Duk wanda zai zo Alƙahira karatu ko jinya, abun da yake lissafawa shi ne kuɗin jirgi da biza da na asibiti ko makaranta, maganar gida kuwa sai ka ji ya ce "ai in na sauka za a samu". Za a samu ɗin kam, garin nan ba ya rasa ɗakin haya, gidajen da ke kulle ba kowa ciki ma sun isa a ba da labari. Abun tambaya shi ne hannu nawa kuɗinka zai bi kafin makulli ya shigo aljihunka, kuma cikin masu hannun nan wa yake maka aiki tsakani da Allah. Ni dai a zaman da na yi a unguwar Madinat Nasr ban ga ko ɗaya ba.

Dillalin gida a nan simsar ake ce masa, kuma kar ka sa a ranka wai wani ofis ne mai allo da sakatariya. Akwai irin waɗannan a Tagammu da Sheikh Zayed inda masu kuɗi ke sayen gidaje, amma mu da muke yawo tsakanin Hayyul Ashir da Hayyus Sabi da Darrasa bayan masallacin Azhar, simsar ɗinmu ofishinsa kujerar roba ce a gidan shayi, wayoyi biyu a kan tebur, ɗaya allonta a fashe, da tarin makullai a ɗaure da zare. Kowa ma simsar ne in ta kama. Mai guga na ƙasan bene simsar ne, mai kantin kusurwa simsar ne, direban tuk-tuk, wato Keke Napep, da ya ji kana waya da Hausa ya gane baƙo ne kai shi ma nan take ya zama simsar. Uban tafiyar kuma shi ne bawwab, mai gadin bene, yawancinsu mutanen Sa'id ne daga kudancin Masar, suna zaune da iyalinsu a ɗan ɗaki ƙarƙashin matattakala. Shi ya san gidan da aka tashi, ya san mai gidan yana Saudiyya ko Kuwait, ya san ranar da za a dawo, kuma wallahi in bai so ka shiga benen nan ba, ba za ka shiga ba ko da mai gidan ƙanin babanka ne.

La'adar da aka saba ita ce kuɗin wata ɗaya daga wajen mai kama haya, wani lokacin rabin wata in ka iya ciniki ko in zaman gajere ne. Da yawansu kuma suna karɓa ta ɓangaren mai gida ma, wato ci biyu, amma ba zai taɓa gaya maka ba. In saye ne, ana maganar kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari. Duk wannan al'ada ce kawai, abun da baki ya faɗa. Wasu har kuɗin gani suke nema kafin su buɗe maka ƙofa, ka biya ka hau hawa shida ba lifta ka tarar da gidan da ko akuya ba za ka ɗaure ba, ka sauko, kuɗinka ya tafi.

Ni fa la'adar wata ɗaya ba ta dame ni sosai ba, mutum ya yi yawo da kai cikin rana dole ya ci abinci. Abun da ke ci min rai shi ne wanda ba a gani. A ce mai gida ya ce wa simsar yana son fam dubu 8 na kuɗin Masar a wata. Simsar ya kalle ka, ya ji Larabcinka na littafi ne, kana cewa "uridu shaƙƙatan", wato ina son gida, kaman mai karanta Ajurumiyya, sai ya ce maka dubu 11, ku yi ta ja har ya "sauko" dubu 10 yana rantsuwa da annabi cewa don kai ɗalibin Azhar ne, ya Sheikh, da wani ne ba zai bari haka ba. Kai ka tafi kana murna ka yi ciniki. Shi kuma ya koma ya ce wa mai gida ga dubu 10 na samo maka, sai su san yadda za su raba ƙarin, ga la'adarsa ta hau tunda da kuɗin wata ake auna ta. To ka ga mutumin da kai kake biya, ribarsa tana cikin tsadar da za a yi maka. Ta ina zai tsaya maka?

Sai kuma wanda ya fi zafi, nasu-nasu ma da sauƙi, namu. Akwai 'yan uwanmu da suka daɗe a gari, sun iya ammiyya, Larabcin kan titi na Misrawa, kaman a unguwar Shubra aka haife su, kuma gaskiya akwai na kirki da yawa da za su bar darasi su raka ka don Allah. Amma akwai waɗanda sana'arsu ke nan, musamman kan masu zuwa jinya daga Kano da Kaduna da Sakkwato da Damagaram. Dattijo ya sauko jirgi da matarsa ba lafiya, bai san fam ba bai san unguwa ba, yaro ya tare shi a filin jirgi da "Baba sannu da hanya, ya mai jiki, komai an gama, gida na nan kusa da asibiti", a kai shi gida mafrush mai kayan ɗaki a faɗa masa kuɗi da dala a kowace rana. Alhaji ya lissafa ya ga ai ya fi otal sauƙi, ya yi ta sa albarka. Bai san yaron ya kama gidan da fam a wata ba, bai san simsar ya ci bawwab ya ci, kuma abun da zai biya a kwana goma ya isa kuɗin watan gaba ɗaya. In ka yi magana a ce kana toshe wa ɗan uwa hanyar abinci. Ni ban ce kar ya ci ba, wahala yake, tafinta yake, asibiti yake kwana. Ya faɗi ladansa a fili mana, Baba kuɗin gida kaza ne, nawa kaza ne. Mutanenmu ba sa ƙin biya in an gaya musu gaskiya.

Wani zai ce to babu doka ne? A takarda akwai. A 2022 Masar ta yi wa tsohuwar dokarta ta wakilcin kasuwanci, mai lamba 120 ta 1982, gyara da doka mai lamba 21, aka ce duk mai dillancin gidaje sai ya yi rajista da hukuma, a rubuta yarjejeniya tsakaninsa da wanda yake wa aiki, wanda ya yi ba rajista kuma yana iya shan ɗauri har shekara 2 ko tara. Babban abun da ya sa aka yi ta shi ne toshe hanyar wanke kuɗin haram ta sayen gidaje, ba wai don ɗalibi ɗan Gusau da ke neman ɗaki biyu da falo ba. Je ka gidan shayi a Hayyul Ashir ka ce wa simsar ya nuna maka katin rajistarsa, zai yi dariya har ya kira abokansa su zo su ji.

Ita kanta hayar ba ta da linzami. Tun doka mai lamba 4 ta 1996 duk sabuwar haya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, abun da kuka sa wa hannu shi ne, in wa'adi ya cika mai gida yana iya ninka kuɗi ko ya ce ka fita. Shi ya sa har zuwa 2025 sai ka ga abun mamaki a bene ɗaya, tsohuwar da ke hawa na biyu tana kan tsohon tsarin haya tana biyan kuɗin da bai kai na kofin shayi biyu ba a wata, kai a hawa na uku kana biyan dubbai. Su ma ɗin a 2025 an yi dokar da ta ba su shekara 7 kafin tsarin nasu ya ƙare, rigimar da aka yi ta yi ke nan a talabijin, amma wannan wani zancen ne.

Abun ya ƙara lalacewa ne daga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, dubban ɗaruruwan mutane suka shigo Masar, har da ɗalibanmu da aka kwaso daga Khartum wasu suka dawo nan ci gaba da karatu. Faisal da Haram da Ain Shams da Madinat Nasr duk suka cika. Sai ga 6 ga Maris 2024 aka saki fam, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda. Masu gida suka ruɗe, simsarori kuma su ne suka riƙa bi gida-gida suna zuga su, "ya Hagg me kake yi da wannan ɗan kuɗin, ina da iyali 'yan Sudan za su ba ka ninki biyu gobe". Domin shi simsar ba ya cin komai in ka zauna lafiya shekara uku, sai an tashe ka an sa wani yake samun la'ada. Misrawa talakawa ma sun sha wannan wuta, sai dai haushin nasu kan baƙi ya sauka maimakon kan masu zugar.

Ranar sa hannu kuwa a buɗe ido. Takardar hayar nan a kantin littattafai ake sayenta, an riga an buga, sai a cike gurbi da biro. Yawanci akwai ƙarin kashi 10 duk shekara a ciki, akwai ta'min, kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu da ake cewa za a dawo maka da shi in za ka fita. In mafrush ne za a kawo jerin kayan ɗaki ka sa hannu. Wata mai gida da na zauna a nata, jerin ya ce kujeru shida lafiyayyu, na ɗaga mayafin da aka rufa wa ta ƙarshe sai ga ƙafarta ɗaure da wayar lantarki, firij kuma an rubuta "mumtaza", wato lafiyayye sumul, alhali ƙofarsa da bulo ake tokare ta. Na ce Hagga a rubuta yadda suke, ta ce haba ɗana ai kai kaman ɗana ne, simsar na gefe yana kaɗa makullai yana cewa yalla ya Sheikh akwai wani yana jira a ƙasa. Na dage aka rubuta. Da na tashi fita duk da haka sai da aka zaftare rabin ta'min ɗin, wai fenti ya yi duhu, simsar ɗin kuwa na kira ya fi a ƙirga, wayar tana shiga ba a ɗauka.

Akwai kuma wata takarda da in an miƙo maka ka ja da baya, wasl amana, rasit ɗin amana, wani lokacin ma ba a rubuta adadi ba a ce ka sa hannu kawai don tabbaci. A dokar Masar wannan ba bashi ba ne kawai, cin amana ne, magana ce ta 'yan sanda da kotu da kurkuku. Kar ka sa hannu ko za ka kwana a masallaci. Sannan ka tambaya tun kafin ka ba da sisi ko mai gidan zai yarda a je Shahrul Aƙari, ofishin gwamnati na rajistar takardu, a buga wa takardar hatimi, don wasu nau'in iƙama sai da ita a ofishin fasfo na Abbasiyya, kuma masu gida da yawa suna gudun zuwa saboda haraji, simsar zai ce maka "mafish mushkila", wato ba matsala, har sai kuɗi ya shiga hannunsa.

A kasuwar shanu ta Wudil in dillali ya cuce ka akwai sarkin dillalai, akwai wanda ya san ubansa, gobe ma a nan za ka same shi. Nan kuwa kai baƙo ne mai biza, ba ka son abun da zai kai ka ofishin 'yan sanda, kuma sun san haka sarai.

Wanda ya samu gurbi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi, ya riƙe shi da hannu biyu ko da abincin bai masa ba. Wanda bai samu ba, hanya mafi sauƙi da na gani ita ce gadon gida, wato ka shiga inda wasu ɗalibai ke tashi, su haɗa ka da mai gidan kai tsaye ka ji kuɗin daga bakinsa. In dole sai ta hannun simsar, ku yanke la'ada kafin ka taka matattakala, kar ka ba shi sai an sa hannu makulli ya zo, ka ga katin shaidar mai gidan ka gwada sunan da na takardar wuta, ka ɗauki bidiyon kowane lungu har cikin banɗaki da ranar a jiki. Bawwab kuma ka ba shi nasa na wata a kan lokaci, ka riƙa gaishe shi da "ya amm", don ranar da famfo ya fashe ƙarfe biyun dare shi ne zai hau da sifana.