Filas ɗin da Ya Haɗiye Muryar Mahaifina

Ranar Asabar da ta wuce ɗan ƙanwata yana zaune kusa da ni, ya ƙura wa wayarsa ido, ƙafarsa sai karkarwa take yi. Na ce masa lafiya? Ya ce, "Kawu, saura minti huɗu a rufe gwanjon, kuma tayina ne a sama." Na karɓi wayar na duba. Faifan ajiya ne irin na SSD da ake sakawa a aljihu, an rubuta terabait 2, kuɗin da ya taya kuwa bai kai rubu'in kuɗin sabo ba. Ya ce idan ya iso zai kwashe duk abin da ke kwamfutarsa ya zuba a ciki, har da binciken kammala digirinsa, sannan ya goge kwamfutar don ta daina nauyi. Mai sayarwar ma ya riga ya turo masa saƙo cewa in ya ci, ya tura masa kuɗin kai tsaye, zai rage masa la'adar da shafin ke cira.

Gabana ya faɗi, domin duk abin da yaron nan ya lissafa na yi shi, a jere kamar yadda ya faɗa.

A 2012 ne. Kwamfutata ta cika har ta fara gargaɗi kullum, ni kuma lokacin na shiga harkar gwanjon intanet da zafi-zafi. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane daɗin da ke ciki ba. Ka taya, wani ya ɗora, ka sake ɗorawa, agogo na sauka, zuciyarka na bugawa, har ka manta cewa kaya ka zo saya, ka koma neman kayar da wani mutum da ba ka taɓa gani ba. Na sayi abubuwa masu kyau a haka, wannan kuma shi ya ba ni ƙwarin gwiwar da ya kai ni ya baro. Wata rana na ga filas wai mai gigabait 256. A wancan lokaci wannan girma abin mamaki ne a jikin filas, kuma kuɗinsa ya yi arahar da ya kamata ta sa in tsaya in yi tunani. Ban tsaya ba. Na taya, a daƙiƙun ƙarshe wani ya shige ni, raina ya ɓaci. Washegari sai ga imel: wai wanda ya ci ya kasa biya, an ba ni dama ta biyu, amma in tura kuɗin ta wata hanya daban saboda asusunsa na shafin yana da matsala. Na tura a ranar.

Ina so in faɗi wani abu don kare kaina, ko da ba zai wanke ni ba. Mutumin yana da yabo ɗaruruwa daga masu saye. Hotunan kayan masu kyau ne, da tambarin kamfanin da kowa ya sani. Kuma kayan ya iso, wanda shi ne abin da ya rufe mini ido gaba ɗaya, don ni a sanina ɗan damfara kuɗi yake karɓa ya ɓace. Na soka shi a kwamfuta, ta nuna mini girman da aka yi alkawari. Me kuma zan bincika? Sai daga baya na koma na karanta yabon nan ɗaya bayan ɗaya, na ga duk a kan ƙananan kaya ne, igiyar caji da murfin waya, da su ya gina sunansa kafin ya fara sayar da abin da ya zo sayarwa. Minti goma ya isa in ga haka tun farko. Amma kuma wa ya koya mana? Ba wanda ya zaunar da mu. Mu ne muka fara shiga wannan ruwa, ba mu san zurfinsa ba. Haka nake gaya wa kaina idan abin ya taso mini da dare, wani lokaci in yarda, wani lokaci in ce ƙarya nake yi, kwaɗayi ne kawai, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta.

Na kwafe komai. Hotunan iyali na shekaru, takardun aikina, da wata folda mai ɗauke da hirarrakin da na naɗa da mahaifina, Allah ya jiƙansa, a shekarunsa na ƙarshe. Nakan ajiye waya kusa da shi in yi ta jan sa da tambaya, yana ba ni labarin ƙuruciyarsa da na iyayensa, yana dariya, wani lokaci yana yi mini faɗan yawan tambaya. Shekara ɗaya ke nan da rasuwarsa a lokacin. Kwafin ya ɗauki dare guda. Da safe na buɗe filas, na ga sunayen fayiloli duk sun jeru, na buɗe hotuna biyu ko uku na farko suka buɗu. Sai na goge na kwamfutar, na kuma sake ɗora mata Windows sabuwa don ta yi sauri.

Bayan wata biyu ƙanwata, mahaifiyar wannan yaron, ta ce tana son jin muryar Baba. Na soka filas, na danna fayil, ya ƙi. Na danna na biyu, ya ƙi. Sunan yana nan, girman yana nan, kwanan wata yana nan, cikinsa wayam.

Ga yadda abin yake, don na zo na koye shi a lokacin da ba zai amfane ni ba. A cikin kowane filas akwai ɗan ƙaramin guntu mai kula da shige da fice, shi ke gaya wa kwamfuta girman ma'ajiyar. Masu jabu sukan sake masa tsari ya riƙa faɗin ƙarya. Nawa ainihinsa gigabait 8 ne. Idan wannan gurbi na gaskiya ya cika, abin da ka ci gaba da zubawa ko dai ya hau kan na farko ya murƙushe shi, ko ya tafi inda babu komai, jerin sunayen kuma yana nan lafiya lau yana yaudararka. Shi ya sa masu gyara uku da na kai wa suka dawo mini da shi. Na ƙarshe ya ce, "Malam, abin da aka goge ana iya tono shi wani lokaci. Wannan bai taɓa shiga ba." Na koma kan kwamfutar ko za a tono daga can, amma wata biyu na amfani da sabuwar Windows sun riga sun bi ta kan mafi yawansa. An ceto wasu hotuna. Daga muryar Baba ba a samu ko minti ɗaya ba.

Na kai ƙara wurin masu shafin, suka ce cinikin da na yi ba a wurinsu aka yi shi ba, kuma gaskiyarsu. Imel ɗin dama ta biyu ma ba daga gare su ya fito ba. Na yi fushi da su shekara da shekaru, yanzu na san ni na fita daga inuwarsu da ƙafata.

Da a nan na tsaya da sauƙi. A wancan lokacin kalmar sirri ɗaya nake amfani da ita a ko'ina, imel da shafin gwanjo da duk wani wuri da na taɓa rajista. Wani ƙaramin shafi aka yi wa kutse, ɓarayin suka gwada kalmar a imel ɗina ta buɗe, daga imel kuma suka sake kalmomin sauran asusun, domin duk wani "na manta kalmar sirri" can yake sauka. Sati biyu ina fama kafin in ƙwato. Kada wani ya ce ai shi manyan shafuka kawai yake shiga. A watan Mayun 2014 eBay, babban shafin gwanjon intanet, ta umarci masu amfani da ita kimanin miliyan 145 su sauya kalmar sirri bayan an yi mata kutse. Yahoo kuwa sai a 2017 ta amince cewa kutsen da aka yi mata a 2013 ya shafi dukkan asusunta, biliyan 3. Shekara huɗu bayanan mutane na hannun wasu, yawancin masu su ba su sani ba.

Na zauna da niyyar rubuta shawara goma, har na yi musu lamba a takarda. Da na sake dubawa na ga yawancinsu abu ɗaya nake maimaitawa.

Abin da yake wuri ɗaya bai ajiyu ba. Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu daban-daban, ɗaya daga ciki a wani wuri nesa da sauran. In ya yi maka yawa, to aƙalla biyu, kuma kada ka goge na farko har sai ka buɗe na biyu ka gani da idonka, daga farko da tsakiya da ƙarshe. Kwashewa daga nan zuwa can sauya wurin haɗari ne kawai. Faifai mai juyawa yana mutuwa, wani lokaci yakan yi ƙara kafin ya mutu. SSD kuwa sau da yawa ba ya sallama, yau yana aiki gobe shiru.

Kada ku sayi ma'ajiya a gwanjo. Filas ne, memori ne, faifai ne, ku saya sabo a hannun wanda za ku iya komawa wurinsa. Na san akwai masu gaskiya a gwanjo, ni kaina har yau ina saye a can, allon kwamfutar da nake rubutun nan a kai ma daga can ya fito. To in kun ƙi ji kun saya, ku gwada shi kafin ku ba shi amana. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw a Windows, da F3 a Linux da Mac, suna cika ma'ajiyar taf da bayanai sannan su karanto su, duk inda ƙarya take sai ta fito. Yana ɗaukar awanni. A nan ne raina ke ɓaci da yaran yanzu. Mutum zai kwana yana murza bidiyo a waya, amma ka ce ya bar gwaji ya yi awa biyar sai ya ce ba shi da lokaci. Mu rashin sani ya ci mu. Ku komai yana tafin hannunku, karantawa ce kawai ba ku so.

Kuɗi kuma kada ya bi ta wajen shafin, ko da an rage maka rabi. La'adar nan da kake gudu ita ce kuɗin kariyarka. Ko a PayPal, shafin biyan kuɗi ta intanet, wanda ya tura kuɗi ta hanyar da aka ware wa 'yan uwa da abokai ba shi da kariyar mai saye, shi ya sa 'yan damfara ke son ta. Duk wanda ya ce ku koma gefe ku ƙarasa ciniki, ya gama gaya maka ko shi wane ne.

Ku ɗora abin da kuke ji da shi a ma'ajiyar intanet. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma hirarrakin Baba duka da sun shige ciki da sauran wuri. Amma kada ku yarda da ita. Asusu yana rufuwa, ana sace shi, kuma idan wayarka da ma'ajiyar a haɗe suke suna daidaita juna, abin da ka goge a nan ya gogu a can. Na san na ce ku ɗora kuma na ce kada ku yarda. Duka biyun nake nufi.

Kalmar sirri kowane wuri da tasa, ta imel ta fi kowacce tsawo, a kuma kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a nemi wata shaida, kamar lambar da ke zuwa wayarka. Shekaru ina gaya wa mutane kada su rubuta kalmar sirri a takarda, yanzu na janye: littafin da ke kulle a ɗakinka ya fi kalma ɗaya da ka baza a shafuka talatin. Sabuntawar manhaja kuma in ta zo a yi ta. Lokacin da muguwar manhajar nan WannaCry ta ɓarke a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya, Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar Windows da ta bi ta shiga tun watan Maris. Kwamfutata na cikin waɗanda ba su sabunta ba, Allah ne kawai ya tsare. Yaron nan kuma tasa har yanzu Windows 10 ce, wadda aka daina tallafa wa kyauta a watan Oktoban 2025, kuma da na yi magana ya ce, "Kawu, ai tana aiki."

Duk wannan ban samu na faɗa masa a cikin minti huɗu ba. Abin da ya fito daga bakina tsawa ce, na ce ba shi da hankali, shi kuma ya karɓi wayarsa ya ce zamaninmu daban nasu daban. Ya ci gwanjon. Da daddare na kira shi na ba shi haƙuri, na gaya masa labarin foldar kakansa, wanda bai taɓa ji ba, domin ni da mahaifiyarsa ba ma tayar da maganar. Ya yi shiru, sannan ya ce bai tura kuɗin ba tukuna. Ya yarda zai biya ta cikin shafin. Fasa sayen ne ya ƙi, yana ganin nasa zai fito na gaske.

An ce kayan zai iso nan da sati biyu. Na ce ya kawo shi wurina a cikin kwalinsa, ya zo da kwamfutar, kada ya goge ko fayil ɗaya. Na riga na sauke manhajar gwajin, kuma na ware masa wani faifai nawa da za mu fara kwafe binciken digirin a kai kafin mu soka nasa.